GIDAN ATTAJIRI IDAN YA ZAMA GIDAN TARIHI, WA ZA A TUNA A CIKINSA?

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, da yawa daga cikin mutanenmu da Allah ya hore wa fita ƙasashen waje, ko don karatu ko don fatauci, sukan dawo da labarin wani irin gida da ake kai baƙo ya gani. Gida ne na wani hamshaƙin mai masana'antu da ya daɗe da mutuwa, an bar shi da kujerunsa da littattafansa da akusansa kamar jiya ya fita, an sa mai gadi a ƙofa, ana karɓar kuɗin shiga, jama'a na kewayawa ɗaki-ɗaki. Mafi yawan waɗanda suka ga irin wannan sukan rufe labarinsu da tambaya guda: me ya sa Kano, wadda tun fil azal da ciniki aka san ta, ba ta da gida ko ɗaya irin wannan? Tambayar tana da ƙarfi, kuma ni ina cikin masu ganin ya kamata a samar da shi. Sai dai ina da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne dalilin wannan rubutu. Idan za a buɗe gidan attajiri domin a nuna wa jama'a faɗin zaurensa da tsadar shimfiɗarsa kawai, gara a bar magada su raba abinsu. Gidan da ya cancanci a adana shi ne wanda zai bayyana yadda aka tara dukiyar, da hannuwan da suka tara ta.

Bari mu fara da abin da muke da shi a hannu. Wanda ya tashi daga Ƙofar Mata ya nufi fadar Sarki zai iske Gidan Makama, wanda tarihi ya danganta gininsa ga ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun zauna a cikinsa na ɗan lokaci, yau kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Mai ziyara zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna da na hawan salla. A Nassarawa kuma akwai Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen boko a 1912. A Gwammaja ga gidan Malam Aminu Kano, wato Mambayya, wanda bayan rasuwarsa a 1983 ya koma cibiyar nazari ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma duk wanda ya leƙa ɗakin da malamin ya zauna zai fito yana jinjina ƙanƙantarsa.

To, ka duba waɗannan gidaje uku da kyau. Ɗaya na basarake ne, ɗaya na jami'in mulkin mallaka, ɗaya na ɗan siyasa. Dukkansu labarin mulki suke bayarwa, ko na mai riƙe da shi ko na mai jayayya da masu riƙe da shi. Yaron da malaminsa ya zagaya da shi waɗannan wurare zai koma gida da zaton cewa da takobi da alƙalamin hukuma aka gina Kano, alhali kuwa abin da ya ɗauki nauyin takobin da alƙalamin duka shi ne zare da baba da goro da fata da gyaɗa. Wannan ɓangare na tarihinmu shi ne ba shi da gida.

Ba sai an yi nisa ba wajen neman hujja, domin kuwa karofin Ƙofar Mata yana nan, kuma marinan wurin suna kai asalinsa ga shekarar 1498. Duk wanda ya tsaya ya kalli aikin da idon basira zai gane cewa masana'anta ce cikakkiya. Ana haƙa rijiya mai zurfi a dabe cikinta don kada ta sha ruwa, a zuba ruwa da toka da baba, a bar haɗin ya kwana ya tashi har ya nuna, ana motsa shi da dogon itace har kumfa ta taso. Marini ya san rijiyar da ta nuna da wadda ba ta nuna ba ta wari da launin kumfa, kuma wannan sani ba a rubuce yake ba, daga uba yake zuwa ga ɗa. Idan ya tsoma tufa ya ɗago, da fari kore-kore za ta fito, sai iska ta buge ta sa'an nan ta juye shuɗiya, ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, gwargwadon duhun da mai kaya yake so. Idan rijiya ta mutu ba a zubar da abin da ya kwanta a ƙasanta. Wannan shi ne katsi, ana kwashe shi a ƙona, da shi ake haɗa laso, kuma da laso ake dabe sabuwar rijiya, da shi ake shafe rufin soro don kada damina ta ci shi. Ka ga ke nan hatta rufin gidan attajirin daga dattin karofi ya fito. Daga marina kaya sai wurin mabuga, waɗanda ke ɗora tufa a kan gungumen itace su yi ta bugu suna barbaɗa shuni har ta riƙa ƙyalli. Kafin kayan su iso karofi kuwa sun riga sun bi ta hannun manomin auduga, da matan da ke kaɗi a cikin gidajensu da mazari, da masaƙa, da maɗinka.

Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga nan a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ya ambaci cewa kayan Kano suna isa Tumbutu da Ghat da Murzuk da Tarabulus. Buzaye har gobe suna ɗaura turkuɗin ƙasar Kano a kansu, kuma garin Kura ya yi suna da shi. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincike mai zurfi a shekarun 1970 kan wannan sana'a, ya nuna cewa a ƙarni na 19 dubban rijiyoyin rini ne suke aiki a ƙasar Kano, kuma akwai masu jari da suke mallakar rijiyoyi da yawa suna ɗaukar marina aiki. Waɗannan su ne masu masana'antunmu na farko, tun kafin a san Bompai da Sharaɗa da Challawa. Yau ba mu iya nuna wa yaro gidan ko ɗaya daga cikinsu mu ce masa shiga ka gani.

Idan aka ce attajirin Kano, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji cikin zuriyar Agalawa, waɗanda tare da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. Ya yi wannan fatauci, yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gana ta yau zuwa Ikko, maimakon tafiyar watanni da jakuna. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za a loda musu, sai manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, daga 1912 gyaɗa ta cika tasha. Ɗantata ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa, ya baza wakilai a ƙauyuka, kuma ana danganta masa tsarin jera buhuna a yi dalar gyaɗa. Labari ya shahara cewa raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗinsa na azurfa ajiya a bankin Turawa da ke Kano. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Gidansa yana Koki cikin birni, zuriyarsa kuma sananna ce, daga Sanusi da ya rasu a 1997 zuwa Aminu da ya rasu a 2025, har zuwa tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote.

Ban kawo wannan don in ce a je a buɗe gidan wani ba, wannan magana ce ta masu gida. Na kawo shi ne domin a ga irin ilmin da ke cikin rayuwar mutum guda: yadda ayari ya koma jirgi, yadda wuri ya koma sulalla, sulalla suka koma takardar banki, yadda ɗan kasuwa Musulmi ya zauna da kamfanin Bature ba tare da an haɗiye shi ba. Ɗalibin da ke karanta babin ciniki da na ƙiradi da na salam a littafin fiƙihu, ba ya da wurin da zai je ya ga yadda kakanninsa suka aiwatar da waɗannan babuka a Kurmi da Gwanja. Dalar gyaɗar ma ta ɓace tun shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin man fetur, sai a hoto.

Amma kafin mu yi gaggawar kwaikwayon abin da ake yi a waje, wajibi ne mu san abin da irin waɗannan gidaje suke yi a can. A birnin New York na Amurka akwai gidan Henry Clay Frick, mai masana'antar gawayin narka ƙarfe kuma abokin harkar Andrew Carnegie. Ya gina gidan a 1913 zuwa 1914, ya cika shi da zane-zanen Turai masu tsada, ya mutu a 1919, aka buɗe shi ga jama'a a 1935. Yau idan aka ambaci sunan Frick, zane ne ke zuwa zuciyar yawancin mutane. Amma wannan mutumin shi ne a 1892 ya ɗauko mayaƙan haya na kamfanin Pinkerton don murƙushe ma'aikatan masana'antar Homestead da suka yi yajin aiki, aka yi artabu, rayuka suka salwanta. A birnin Essen na Jamus kuma akwai Villa Hügel, gidan da Alfred Krupp ya gina daga 1870 zuwa 1873, mai ɗakuna 269, wanda aka buɗe wa jama'a a 1953. Kamfanin Krupp shi ne ya ƙera wa Jamus manyan bindigogi, a yaƙin duniya na biyu kuma ya yi aiki da dubban mutanen da aka tilasta wa bauta, har aka yanke wa Alfried Krupp hukunci a kotun Nuremberg a 1948.

Abin lura a nan shi ne, gida ba ya faɗin waɗannan abubuwa da kansa. Bango da darduma da fitilu shaidu ne masu son kai, mai gida kaɗai suke yi wa shaida. Mai ziyara yana shiga ya ga kyau, zuciyarsa ta yi laushi ga mai gidan, ya fita yana cewa lalle wannan mutum ya san abin duniya, ba tare da ya ji ɗuriyar wanda ya ƙone a bakin tanderu ba. Su kansu Turawa sun farga da haka a baya-bayan nan. A 2020 ƙungiyar National Trust ta Ingila, mai kula da ɗaruruwan tsofaffin gidaje, ta fitar da rahoto kan gidaje 93 da ke hannunta waɗanda suke da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai, wasu suna cewa an ɓata musu wurin shaƙatawa. Wannan fushin nasu shi ne babbar shaida cewa da can gidajen suna rufe wani abu.

Yanzu sai in juyo ga 'yan'uwa waɗanda na san tun daga kan wannan maƙala ransu bai kwanta ba. Za su ce adana gidan mamaci da kayansa ƙofa ce ta wuce iyaka wajen girmama mutane, yau ana kallo, gobe ana shafa bango ana neman albarka, kuma kashe kuɗi a kan tsohon gini alhali marayu na kwana da yunwa almubazzaranci ne. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba na raina shi. Sai dai a bambance tsakanin ziyarar da ake yi don neman tubarraki da wadda ake yi don ganin aya da ɗaukar darasi. Ba mu taɓa jin wanda ya je Gidan Makama ya shafi ƙyauren Ƙofar Kabuga ya shafa a fuska ba. Haɗarin da ke cikin gidan attajiri wani ne daban, kuma ni a ganina ya fi kusa da mu: shi ne yaro ya shiga ya fito da kwaɗayi, ya ga cewa ƙarshen daraja shi ne a tara a gina. A zamanin da matasa ke kallon gidajen masu kuɗi a waya dare da rana, ba mu da bukatar ƙarin wurin da zai hura wannan wuta. Maganin wannan kuwa yana cikin abin da aka zaɓa aka nuna, da abin da mai yi wa baƙi jagora yake faɗa.

Akwai misali daga ƙasar da alhazanmu suka sani. A tsohon garin Jidda akwai Baitu Nasif, gidan da attajiri Umar Nasif ya gina tsakanin 1872 da 1881. Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa bayan ya shiga Jidda a 1925. A ƙofarsa akwai bishiyar darbejiya da ta daɗe tana zama alamar gidan, a lokacin da itace ke da wuyar gani a garin. Amma abin da ya ɗaukaka gidan a idon masu ilmi shi ne jikan mai ginin, Shaihu Muhammad Nasif, wanda ya rasu a 1971, ya tara dubban littattafai, ya buɗe zaurensa ga malamai da ɗalibai, ya kuma ɗauki nauyin buga littattafan magabata da yawa. Littattafan sun koma Jami'ar Sarki Abdul'aziz, gidan kuma hukuma ta saye shi ya zama wurin tarihi, tsohon garin Jidda baki ɗaya ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2014. Wanda ya shiga wannan gida yana da abin tambaya fiye da nawa aka kashe: me aka karanta a nan, wa aka saukar, ina dukiyar ta tafi.

To, da za a ba ni shawara kan gidan fatake a cikin birnin Kano, ko a Koki ko a Ƙofar Mata ko a Dandalin Turawa inda Larabawan Ghadames suka zauna, zan ce a fara da zaure, domin a zaure ake ciniki. A ajiye sikeli da mudu da buhun wuri, a nuna wa yaro nawa ne nauyin wuri dubu ashirin, ya ɗaga da hannunsa ya ji dalilin da ya sa fatake suka dogara da amana da takardar bashi maimakon ɗaukar kuɗi. A nemo wasiƙun da fatake suka rubuta wa juna da Larabci da ajami, da takardun rabon gado daga kotunan alƙalai, irin waɗanda ake samu a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, a fassara su a rataye. A zana hanyar Gwanja zango-zango har Salaga, a bayyana aikin madugu da na jagaba da na fatoma mai saukar baƙi, a nuna huhun goro da yadda ake kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe a kan hanya. Wannan duka abu ne mai sauƙi, babu mai jayayya a kansa.

Mai wuyar shi ne ɗaki na gaba. Dukiyar Kano ta ƙarni na 19 ba ta rabu da bauta ba, kuma duk wanda ya ce ta rabu bai karanta ba ko kuma yana ɓoyewa. Akwai rinji da gandu kewaye da birni, irin na Fanisau, inda bayi suke noma hatsi da auduga da baba. Bayi suna cikin masu ɗaukar kaya a ayari, ana kuma sayar da mutane a kasuwa. Kundila, wanda sunansa ya zama abin buga misali da dukiya a Kano, da yawan bayi ake ambatonsa kamar yadda ake ambatonsa da yawan kuɗi. Malaman jihadi kansu sun yi ta kuka a rubuce-rubucensu kan bautar da 'ya'ya Musulmi ba bisa haƙƙi ba, abin bai daina faruwa ba. Masu rubuta tarihin Ɗantata ma sun ambata cewa shi kansa an kama shi a lokacin yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 yana saurayi, sai da aka fanshe shi. Doka ba ta kawar da bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, wato akwai tsofaffin da muka tarar waɗanda suka ga abin da idonsu. Na san wannan magana tana da nauyi a gari irin namu, inda zuriyar mai gida da zuriyar bawan gida suke salla a sahu ɗaya, wani lokaci ma sun zama dangi ta aure. Ba a bukatar a ambaci sunan gidan kowa, ba a kuma bukatar tonon asiri. Amma gidan tarihin da ya nuna alkyabbar attajiri ya yi shiru kan rinjinsa, shaidar zur ya bayar, kuma mu ne muka fi kowa sanin matsayin shaidar zur.

Haka nan matan da suka yi kaɗi. Ba kasafai ake ganinsu a hotunan Turawa ba domin suna cikin gida, alhali babu zaren da masaƙi ya saƙa face ya bi ta yatsunsu. Haka 'yan dakon da suka hau dala da buhu a ka, da manomin da ya karɓi bashi kafin kaka ya biya da gyaɗa a farashin da ba shi ya yanka ba, da ma'aikatan masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa waɗanda aka sallama bayan da masana'antun suka yi ta rufewa daga shekarun 1990 zuwa na 2000, ga matsalar wutar lantarki ga kayan waje masu araha sun cika Kantin Kwari. Da yawansu suna raye, suna da katin aikinsu a cikin adaka, kuma za su bayar idan an tambaye su. Sa'an nan a keɓe wuri ga abin da dukiyar ta yi na alheri, a faɗe shi da adalci kamar yadda aka faɗi ɗayan: zakkar da aka fitar, masallatai da makarantu da rijiyoyi, mutanen da aka kai Makka, yaran gida da aka ba jari suka zama iyayen gidan kansu. Wannan tsari na ba yaro jari ya juya a raba riba yana cikin abubuwan da suka yaɗa arziki a Kano, kuma ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla ga matasan da ke ganin sai da bashin banki mai ruwa ake fara sana'a.

Saura tambayar da masu sha'awar abin sukan tsallake, wato ta ina gidan zai fito. Dalilin da ya sa gidajen attajiranmu ba sa daɗewa a dunƙule sananne ne. Mai gida na rasuwa gidan ya zama haƙƙin magada, a cikinsu akwai mata da marayu da wanda ke da bukatar kasonsa yau. Ba ya halatta a danne haƙƙin ɗayansu da sunan tarihi, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Wasu 'yan boko sukan yi gunaguni a kan haka, suna cewa rabon gado ne ya hana mu irin gidajen Turawa. Su tuna cewa manyan gidajen Ingila sun daɗe ne domin ɗan fari yake kwashe ƙasa da gida a bar ƙannensa, mu kuwa ba ma son gidan tarihi da irin wannan tsada. Hanyar da shari'a ta buɗe ita ce hubusi, wato waƙafi: mai gida ya tsayar da gidan tun yana da rai da lafiya, ko magada baligai su yarda su bayar da kasonsu, ko wani mai hali ya saya daga gare su da farashin da ya dace ya tsayar. Asalin wannan sananne ne tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibar da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya, kuma da shi aka riƙe makarantu da asibitoci da ɗakunan karatu a Alƙahira da Fas da Istanbul ɗaruruwan shekaru. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, saboda haka ba sabon abu za a ƙirƙiro ba.

Sai dai hubusin gini kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne amsar masu maganar almubazzaranci take. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, yana son a duba indararo kafin ruwan farko, a canza azarar da gara ta ci, a shafa makuba. Idan aka bar shi damina biyu ba kulawa, ta uku sai a kwashe ƙasa. Dole ne a haɗa gidan da abin da zai ciyar da shi, kamar shaguna ko gona da aka tsayar tare da shi, kada a jingina shi ga kasafin gwamnati, domin mun ga yadda badala ta koma wurin ɗibar ƙasa da kafa shaguna duk da tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007. Kuma kada gidan ya zama kango mai tsabta da ake buɗewa idan baƙo ya zo. A bar zaure ɗaya ana karatu, a bar wani ɓangare magina suna koya wa yara ɗaurin guga da bakan gizo da fitar da zanko, a ba marinan Ƙofar Mata da mabuga wurin da za su sayar da kayansu kai tsaye ba tare da dillali ba. Kuɗin da aka kashe a haka ya shiga aljihun masu sana'a ne, bai tafi ga ƙawa ba.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran gida ko hukuma, kuma ɗaliban makarantunmu za su iya fara shi a wannan hutu. A karofin Ƙofar Mata rijiyoyi da yawa sun bushe, waɗanda ke aiki kaɗan ne, mafi yawan masu riƙe da su kuma dattawa ne. A Koki da Ƙofar Wambai da Bebeji da Kura akwai tsofaffin da suka yi dako a filin dala, da waɗanda iyayensu suka je Gwanja da ƙafa. Kowane malami ya ɗauki ɗalibai biyar da waya mai ɗaukar magana, a je a gaishe su da ladabi, a tambaye su sunayen kayan aiki, da nawa ake biyansu, da wa ya ba su jari, da yadda ake warware rigima idan bashi ya ƙi fita, a rubuta da Hausa a ajiye kwafi a makaranta, a kai wani kwafin Gidan Ɗan Hausa.